Bututun tururi: 379 MPa ɗin da ANSYS ya ba ni gaskiya ne kuwa?

Ɗan Aji Biyar:
Assalamu alaikum malamaina da injiniyoyin wannan zaure. Aikina na kammala digiri a kan layin tururi ne na kamfanin casar shinkafa, daga boila zuwa tankin da ake turara shinkafar. Bututun inci 4 ne, Schedule 40, ƙarfen A106 Grade B, miƙaƙƙe, tsawonsa mita 6. Tururin bar 10 ne, zafinsa digiri 180 ke nan. A manhajar lissafin injiniya ta ANSYS Workbench na fara da lissafin zafi, Steady-State Thermal, tururi a ciki, iska mai digiri 30 a waje. Daga nan na ja Solution na haɗa shi da Setup na Static Structural, sashen lissafin ƙarfin ƙarfe, zafin ya shigo ta Imported Body Temperature, na sa Fixed Support, ɗaurin da ke hana motsi kwata-kwata, a bakin bututun duka biyu.

Abin da ya fito na sitires, wato ƙarfin matsi ko ja da ke cikin ƙarfen: a tsakiya 379 MPa (megapascal), a baki wajen 1,100, da na ƙara ƙanƙanta ragar lissafin, wato gutsattsarin da manhaja ke raba bututun, kuma ya haura 1,400. Wannan ƙarfen a 240 yake sakewa. Amma ga irin bututun nan yana aiki shekara da shekaru bai fashe ba. Ko zafin ne bai shigo daidai ba? Don Allah a taimaka.

Ɗan Similashon:
Wa alaikumus salam. Matsalar raba lissafin gida biyu ce. Yi amfani da Coupled Field, ka bar manhajar ta warware zafi da motsin ƙarfe a lokaci guda. SOLID226 ne elimen ɗin, wato irin gutsuren ragar. Ya fi daidai.

Malama 'Yar Zazzau:
Kada ka taɓa komai tukuna, ƙanena. Ɗauki biro. Sandar ƙarfe da aka ɗaure bakinta biyu aka dumama ta, sitires ɗinta σ = E × α × ΔT, inda E taurin ƙarfe ne, α yawan miƙewarsa a kowane digiri, ΔT kuma canjin zafi. Idan Structural Steel ɗin da ke cikin ANSYS ka bari, E ɗinsa 200,000 MPa ne, α kuma 0.000012 a kowane digiri. Ka ninka su, kowane digiri ɗaya yana ba da 2.4 MPa. Static Structural yana ɗaukar digiri 22 a matsayin zafin da ƙarfe ke zaune lafiya in ba ka canza ba. Cire 22 daga 180, saura 158. Ninka 158 da 2.4, ka ga 379.

Saboda haka zafin ya shigo daidai, manhajar ma ta yi lissafi daidai. Tambayar da ka yi mata ita ce: in na hana bututun nan miƙewa ko da gashi ɗaya, me zai faru? Ita kuma ta amsa.

Ɗan Similashon, Coupled Field zai ba shi 379 ɗin nan dai, sai dai ya ci masa lokaci da RAM. Ana bukatarsa ne in motsin ƙarfen na canza tafiyar zafin, kamar birki da ke goga ya haifar da zafi, ko wurare biyu da suke haɗuwa su rabu sai hanyar zafi ta yanke. A bututun nan zafi ne ke tura ƙarfe, ƙarfe ba ya tura zafi.

Ɗan Similashon:
Na ji, Malama. Amma ai ba ya cutarwa.

Malama 'Yar Zazzau:
Yana cutarwa ta fuska ɗaya. Ɗalibi zai sake samun amsa iri ɗaya ta hanya mai tsada, ya ɗauka ya tabbatar da ita, alhali abin da ke buƙatar gyara yana nan bai taɓa shi ba.

Injiniya Bututu:
Malama ta gama magana a kan lambar. Ni ina so ka duba wani abu da ɗalibai ba sa dubawa. Sa Force Reaction a kan ɗaya daga cikin Fixed Support ɗin. Faɗin bututunka ta waje milimita 114.3 ne, kaurin bango 6.02, yankin ƙarfen ya kama wajen 2,050 mm². Ninka da 379, za ka samu kilonewton 776, kusan nauyin tan 79. Yanzu je ka kalli inda bututun ya shiga tankin turarawa. Farantin da ke wurin zai iya tokare tan 79 bai motsa ba? Ba zai iya ba, bakin boilar ma haka.

In an sake shi, bututun nan milimita 11.4 kacal zai ƙaru. Duk wannan tan 79 ɗin kuɗin hana shi milimita 11 ne. Kuma lura, tsawon bututu bai shigo lissafin sitires ɗin ba sam. Ko mita 1 ne ko mita 60, in ka ɗaure shi tam, 379 ne. Tsawo yana shigowa ne a yawan miƙewar da za ka nemar wa wuri.

Baba Mai Boila:
Yaro, ni ban san kwamfutarku ba, amma na daɗe ina hura boila da ɓuntun shinkafa. Layin tururi ba a ɗaure shi gaba da baya a miƙe. Ko dai a yi masa gwiwa ya karkata, ko a yi masa lanƙwasa kamar harafin U a tsakiya, kuma a ɗora shi kan takalmin ƙarfe da zai riƙa zamewa. Ka je da safe kafin a kunna wuta ka yi alama da alli a kan takalmin, ka dawo bayan tururi ya hau, za ka ga alamar ta gusa.

Inda aka yi ganganci aka walde shi a miƙe, bututun ba ya fashewa a ranar. Abin da za ka gani shi ne maƙalin bango ya tumɓuke, ko gaskit, abin da ke toshe mahaɗa, ya fara tsiyaya, ko bututun ya kantare gefe. Wani wuri da na yi aiki, duk wata sai mun canza gaskit a filanji ɗaya, faifan da ake haɗa bututu da noti, har aka gane layin ne ba shi da wurin numfashi.

Ɗan Aji Biyar:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na duba Force Reaction, 776 kN ne kamar yadda Injiniya ya faɗa. To 1,400 ɗin bakin fa?

Ɗan Similashon:
Wannan ka share shi kawai. Lambar ƙarya ce, duk wanda ya sa Fixed Support yana ganinta.

Injiniya Bututu:
Kada ya share ba tare da ya san dalili ba, domin ranar kare aiki za a tambaye shi. Abu biyu ne suka haɗu a wurin.

Na farko, bututu ba tsawo kaɗai yake ƙarawa ba, yana kumbura ma. Daga tsakiyarsa zuwa bango zai ƙaru da wajen milimita 0.11. Fixed Support ya hana bakin kumbura ko kaɗan, alhali santimita kaɗan daga nan ƙarfen ya kumbura, sai bangon ya lanƙwashe a ɗan tsakanin. Wannan lanƙwasa lissafi ne na gaske, kuma tana mutuwa da wuri, bayan kamar santimita 5 ba za ka gan ta ba. Sai dai a zahiri abin da aka walda bututun da shi, filanji ne ko faranti, shi ma ya yi zafi ya kumbura tare da shi. Kai kuwa ka manna bututu mai digiri 180 a jikin wani abu da ba ya zafi, ba ya motsi, ba ya lanƙwasa. Babu irin wannan abu a kamfanin shinkafa.

Na biyu shi ne kaifin gefen da ɗaurin ya ƙare. A nan lissafin ba shi da iyaka. Kowane lokaci ka rage girman elimen, lambar za ta ƙara hawa, ba za ta taɓa tsayawa ba. Alamar ke nan da ka gani daga 1,100 zuwa 1,400. Sitires na gaske yana lafawa a wata lamba in ana ƙanƙanta raga, wannan kuwa ba ya lafawa.

Malama 'Yar Zazzau:
Ga gwajin da nake sa kowane ɗalibina ya yi kafin in karanta sakamakonsa. Cire Fixed Support duka. Riƙe bututun da ɗauri mafi ƙaranci da zai hana shi shawagi: ɗigo ɗaya a hana shi motsi ta fuska uku, na biyu ta fuska biyu, na uku ta fuska ɗaya, a zaɓe su yadda ba za su tare miƙewa ba. Masu manhajar COMSOL suna da Rigid Motion Suppression da ke yi musu wannan. Sai ka ba jikin duka zafi ɗaya, digiri 180. Dole tsawo ya ƙaru da 11.4, sitires kuma ya zama kusan sifili. In ba haka ba, akwai ɗaurin da ya ɓuya maka.

Dalili kuwa, zafi shi kaɗai ba ya haifar da sitires. Ƙarfe sakakke da ya yi zafi bai ɗaya miƙewa kawai yake yi. Kai, ko zafin ya bambanta daga gefe zuwa gefe, in bambancin yana tafiya a miƙe cikin jikin, sakakken ƙarfe lanƙwasa zai yi ba tare da sitires ba. Sitires na zuwa ne ta hanya uku: an tare shi daga waje, ko wani sashe na jikin ya tare wani saboda zafinsu ya saɓa, ko an haɗa ƙarfe iri biyu masu α daban, kamar baƙin ƙarfe mai 12 da sitenles 304 mai wajen 17.

Mai Abaqus:
Ni 22 ɗin nan ce ta tsaya mini a rai. Wa ya ce an walda bututun a digiri 22? Wannan zafin ɗaki ne mai na'urar sanyaya iska. In da rana aka yi waldar ƙarshe a watan Afrilu a Kano, ƙarfen ya kai 40 ko fiye. ΔT ya koma 140, sitires 336. Bambancin 43 MPa daga akwati ɗaya da ba a taɓa ba. A manhajar Abaqus ma tarkon yana nan ta wata siga: in ba ka sa zafin farko a Predefined Field na matakin Initial ba, sifili yake ɗauka, sai ka samu 180 × 2.4, wato 432. COMSOL nasa 293.15 K ne, digiri 20.

Injiniya Bututu:
Haka ne, amma kada ya ɗauki 40 don ya rage lamba. Ƙarfin da zai tura maƙalai ranar farko, da zafin ranar haɗawa ake lissafa shi. Gajiyar ƙarfe kuwa, tazarar da ke tsakanin mafi sanyi da mafi zafi take bi. Boilar da aka kashe da dare a hunturu, da asuba bututun na iya sauka wajen digiri 12 ko 13. Daga 12 zuwa 180 tazarar 168 ce, kuma ita bututun zai riƙa zagayawa duk ranar da aka kashe aka kunna, ko a wane wata aka walda shi.

Masu layin dogo sun fi kowa ɗaukar wannan da muhimmanci. A Birtaniya, dogon da aka walde shi ba gaɓa ana ja shi ne a ɗaure yadda zai zama ba sitires a digiri 27, don kada ya kantare da zafi ko ya tsinke da sanyi. Lamba ce da aka zaɓa da gangan bisa yanayin ƙasar. Kai ma ka zaɓi taka, ka rubuta dalili.

Mai Abaqus:
Na yarda da raba su biyun. Ƙari kaɗan: α da E ba sa tsayawa wuri ɗaya. A wajen digiri 200, E na baƙin ƙarfe ya ɗan sauka ƙasa da 200,000, α kuma ya ɗan hau. A zafinka bambancin ba shi da yawa, kusan ma suna cinye juna. Amma in ka ɗauko teburin α daga littafi, duba ko matsakaici ne daga wani zafi na farawa, ko kuwa na daidai wannan digirin ne. ANSYS ya raba su, Secant da Instantaneous, kuma na farkon yana neman ka faɗa masa zafin da aka fara aunawa. Wanda ya zuba teburin wannan a gidan wancan a aikin digiri 600 zai yi nisa da gaskiya.

Ɗan Aji Biyar:
Na yi gwajin Malama. Tsawo ya ƙaru da 11.38, sitires bai kai 0.01 ba. Da na mayar da zafin da Thermal ya bayar maimakon 180 bai ɗaya, sitires ɗin ya tsaya ƙasa da 1 MPa. Yanzu na lura launukan zafin da nake gani, ja a ciki shuɗi a waje, daga 179.7 ne zuwa 179.5. To Malama, in haka ne ai lissafin zafin bai ƙara komai ba. Taken aikina kuma a kansa yake. Hankalina ya tashi.

Malama 'Yar Zazzau:
Kwantar da hankalinka, abin da ka gano yanzu ya cancanci babi guda. Bututu ba rufi, iska na ɗauke zafi wajen 15 W/m²K in an haɗa da wanda ke fita ta haskakawa, bambanci da iska digiri 150, zafin da ke fita ya kama 2,250 W/m². Ninka da kaurin bango 0.006, raba da k, ma'aunin yadda ƙarfe ke ratsar da zafi, wajen 50 zuwa 60, za ka samu rubu'in digiri. Sitires ɗin da bambancin ciki da waje ke bayarwa a siririn bututu shi ne EαΔT a raba da 2(1−ν). Da ν, wato Poisson's ratio, na 0.3, rubu'in digiri bai kai rabin MPa ba. Matsin tururin kansa ma wajen 9 MPa kawai yake ba bangon. Ka jera su: rabi, 9, da 379. Duk mai karanta aikinka zai ga inda haɗarin yake.

Kuma kullum ka karanta lambobin da ke gefen hoton kafin launukan. Manhaja za ta shimfiɗa ja zuwa shuɗi ko da bambancin 0.2 ne.

Mai Abaqus:
Kuma lissafin zafin yana da inda zai yi aiki sosai, sai dai ba a inda ka neme shi ba. Ka duba filanji a mintocin farko bayan an buɗe bawul. Tururi da ke komawa ruwa a kan ƙarfe mai sanyi yana zuba zafi da ƙarfin gaske, h ɗinsa, ma'aunin shigar zafi ta fatar ƙarfe, dubbai ne, a kan ɗauki wajen 10,000. Lokacin da zafi ke ɗauka ya ratsa ƙarfe kusan L² a raba da k/(ρc) ne, L nisan da zai ratsa, ρc ƙarfin riƙe zafi, k/(ρc) na baƙin ƙarfe kuma wajen 0.000014 m²/s. Bangon bututu mai milimita 6, daƙiƙa 3 ya gama. Filanjin inci 4 Class 150 faɗinsa milimita 229, daga rami zuwa gefe wajen 63, shi sai ya yi kusan minti 5. A wannan tsakanin, bututu ya kumbura, cikin filanji ya yi zafi, gefensa da notuna suna nan da sanyi suna riƙe da shi. Iyakar abin da fatar ciki za ta iya gani in zafin ya sauka nan take shi ne EαΔT/(1−ν), wajen 540 MPa na matsewa. Ba za a kai can ba, amma za a iya cin kaso mai kyau daga ciki.

Saboda haka Transient Thermal za ka yi. Kuma kada ka shigo da zafin daƙiƙar ƙarshe kaɗai, domin a lokacin komai ya daidaita, sitires ya tafi. A Imported Body Temperature akwai Source Time, jera lokuta da yawa, musamman daƙiƙu 60 na farko. Mafi munin lokaci shi ne inda bambancin zafi tsakanin ciki da gefe ya fi yawa, ba inda zafin ya kai ƙololuwa ba.

Baba Mai Boila:
Wannan shi ne dalilin da ya sa muke hana yara buɗe babban bawul gaba ɗaya da safe. A ɗan sassauta shi, a buɗe magudanar ruwa a ƙasa, a bar layi ya ɗumama tukuna. Kamar kofin gilashi ne da sanyin hunturu, ka sheƙa masa tafasasshen shayi ya tsage, ka zuba kaɗan ka juya ya zauna lafiya. Ga kuma ruwan da ya kwana a layi, in tururi ya kwaso shi da gudu ya buga gwiwa, ƙarar kaɗai ta isa ta kori mutum daga ɗakin.

Ɗan Similashon:
Ina da tambaya ga Injiniya. Mu ɗauka da gaske an ɗaure shi tam. 379 ya wuce 240, ƙarfe ya gaza ke nan, magana ta ƙare. Me ya sa ake ta kewaye-kewaye?

Injiniya Bututu:
Domin sitires na zafi ba irin na kaya ba ne. In ka rataya nauyi a sanda ya wuce ƙarfinta, nauyin ba ya raguwa don ta fara sakewa, zai ci gaba da ja har ta tsinke. Zafi kuwa milimita 11 yake nema. Da zarar ƙarfe ya ɗan sake ya ba shi wannan, turin ya faɗi. Shi ya sa ƙa'idojin ASME, ƙungiyar injiniyoyin Amurka, suka ware shi a aji na biyu, kuma suke ba shi iyaka mafi faɗi. A ƙa'idar bututu ta B31.3, tazarar da aka yarda ita ce f × (1.25Sc + 0.25Sh), Sc da Sh sitires ɗin da aka yarda da sanyi da kuma da zafi, f kuma ya danganta da yawan zagaye. A106 B na da wajen 138 MPa da sanyi, kuma kusan haka a zafinka, abin ya kama 205 zuwa 207 in zagayen kashewa da kunnawa bai wuce 7,000 ba. Layin da ke manne da boila galibi B31.1 ne ke hukunta shi, lambobinsa sun ɗan fi tsauri, ka duba wanda malaminka yake so. Ko ta wanne, 379 ya faɗi. Amma ya faɗi ne saboda gajiya da tsagewa bayan zagaye da yawa, ba don zai fashe ranar Litinin ba.

Malama 'Yar Zazzau:
A nan ina da ja, Injiniya. Wannan sassaucin an yi shi ne don layin da ke lanƙwasa, inda fatar waje kaɗai ke sakewa. Nasa miƙaƙƙe ne ana matse shi ta tsawo, duk kaurin bangon zai sake lokaci guda a wajen 490 kN. Kuma akwai kantarewa. I na bututun, ma'aunin juriyarsa ga lanƙwasa, wajen 3,010,000 mm⁴ ne. Lissafin kantarewa na Euler na mita 6 da baki biyu a kafe yana ba da kusan 660 kN, in bakin na iya juyawa kuma 165 kacal. Duka biyun ƙasa suke da 776. Ma'ana bututun ba zai taɓa ganin 379 ba, zai sake ko ya kauce gefe tun kafin nan, abin da Baba ya gani da idonsa ke nan. Static Structural na yau da kullum ba ya ganin wannan, zai nuna maka bututu a miƙe yana ɗauke da tan 79 hankali kwance. Ina tsoron ɗalibi ya ji “aji na biyu” ya ɗauka abu ne mai sauƙi.

Injiniya Bututu:
Gaskiyarki a kan miƙaƙƙen layi, Malama, ban musa ba. Inda nake tsaye shi ne, da zarar ya sa gwiwa, kada ya auna sakamakon da 240 ya ce ya wuce ko bai wuce ba. Kuma ni da zan ba shi shawara, ya bar elimen masu jiki ya yi layin da na bututu, PIPE288 da ELBOW290. A wurin aiki manhajojin bututu CAESAR II ko AutoPIPE muke amfani da su, ba mai zana layin tururi da raga mai ƙulli, wato ɗigon mahaɗa, dubu ɗari.

Malama 'Yar Zazzau:
A wurin aiki haka ne. Shi kuwa koyo yake, ina so ya ga da idonsa yadda gwiwa ke shan wahala. Ya yi duka biyun ya kwatanta. Filanjin dai dole da masu jiki.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina bin zancen tun farko. Ga wanda lasisi ya gagara, ko iyakar ƙulli ta ANSYS na ɗalibai ta tare shi, mu nan da yawa Code_Aster muke koyo, na kamfanin lantarkin Faransa EDF, kyauta ne, yana zuwa cikin Salome-Meca. Tsarin ɗaya ne: THER_LINEAIRE ya ba ka zafi, ka shigar da shi ta AFFE_VARC a cikin AFFE_MATERIAU, a nan ne kuma ake rubuta VALE_REF, wato 22 ɗin da kuke magana. In ragar zafi da ta ƙarfe ba ɗaya ba ce, PROJ_CHAMP ke ɗauko zafin daga wannan zuwa waccan. CalculiX ma yana yi, ta PrePoMax ko FreeCAD.

Gargaɗi guda ga mai irin waɗannan manhajoji da ba su san ma'auni ba, har da Abaqus. In ka zana da milimita, nauyin ƙarfe 7.85e-9 ne, c ɗinsa wajen 4.7e8, k yana nan yadda yake, h na 10,000 kuma ya koma 10. A lissafin da zafi ya zauna, kuskuren c ba ya nuna kansa ko kaɗan, sai ranar da ka shiga na lokaci ka ga filanji ya yi zafi cikin ƙiftawar ido.

Mai Abaqus:
Sannu da zuwa, Malam. Tunda ka taɓo raga biyu: bayan an ɗauko zafi, a buɗe a duba shi a kan ragar ƙarfen kafin a danna Solve. Ƙullin da ya faɗo wajen ragar zafi yakan samu lambar da ba tasa ba, kuma digiri 10 na kuskure a ɗigo ɗaya ya isa ya zana jan tabo na MPa 20 zuwa 30. Sannan a fatar ciki ta filanji raga ta zama siririya, kuma kada matakin lokaci na farko ya yi ƙanƙanta fiye da kima. Da elimen masu ƙulli a tsakiyar gefe, in Δt ya gaza ρcΔl²/6k, zafin yakan yi rawa har wani ƙulli ya nuna ya fi farkonsa sanyi. Da elimen na milimita 2, wannan iyakar wajen daƙiƙa 0.05 ce.

Ɗan Aji Biyar:
Na koma kamfanin na auna layin da kyau tare da mai kula da boilar. Bayan mita 6 ɗin akwai gwiwa, sannan bututun ya hau sama wajen mita 2 kafin ya shiga tanki. Na ƙara wannan. Yanzu turin da ke kan maƙali ya faɗo daga 776 kN zuwa 4 da ɗan ɗori. Kusa da bakin gajeriyar ƙafar, in na matsa santimita 10 daga ɗaurin, wajen 115 MPa. A gwiwa kuma wajen 140, amma abin mamaki ba a bayanta ko cikinta ba, a gefunanta biyu.

Injiniya Bututu:
Madalla. Gwada da biro: in ka ɗauki ƙafar a matsayin sanda da aka tura bakinta ba ta juya ba, tsawon da ake bukata shi ne tushen 3EDΔ/S, D faɗin bututu, Δ miƙewar, S sitires ɗin da aka yarda. Sa 200,000 da 114.3 da 11.4 da 200, zai ba ka kusan mita 2. Wanda ya shimfiɗa layin nan ya san aikinsa. Naka ya fito ƙasa da 200 domin doguwar ƙafar da gwiwar su ma suna lanƙwasawa suna rage wa gajeriyar.

Gefunan gwiwa kuwa daidai ne. In aka lanƙwasa gwiwa, da'irar bakinta na komawa kamar ƙwai, bangon gefe ne ke shan lanƙwasar. Amma kada ka ɗauki 140 ɗin nan ka kai shi gaban 205 kai tsaye. Lambobin ƙarin sitires na ƙa'idar sun samo asali ne daga gwajin gajiya da Markl ya yi a shekarun 1950, inda ma'aunin shi ne bututu mai walda, don haka abin da ƙa'ida ke lissafawa a gwiwa kusan rabin abin da raga mai jiki ke nunawa ne. Taka gwiwar, lambar ƙarin sitires ɗinta, i, wajen 1.95 ce. Ciro moment ɗin wurin, wato ƙarfin lanƙwasa, raba da Z na bututun, 52,700 mm³, ninka da i, wannan za ka kwatanta.

Baba Mai Boila:
Ka tambayi mai boilar ko takalman da ke ƙarƙashin doguwar ƙafar suna zamewa har yanzu. Tsatsa da ƙurar ɓuntu kan cije su. In na kusa da gwiwa ya cije, lissafinka na farko ya dawo.

Malama 'Yar Zazzau:
Sa wannan a matsayin gwaji na uku: kafe takalmin da ke kusa da gwiwa, ka ga abin da turin zai koma. Sannan filanjin, sau biyu, ɗaya tururi ya sauka nan take, ɗaya a ɗumama cikin minti 15. Turo mana jadawalin bambancin zafi tsakanin rami da gefen filanji tare da na sitires a kan lokaci ɗaya, ina so in ga ko ƙololuwarsu ta faɗo a daƙiƙa guda.

Ɗan Aji Biyar:
To Malama. Notunan filanjin fa, in sa su da ɗaurinsu tun yanzu, ko in fara da filanjin shi kaɗai?

Mai Abaqus:
Fara da shi kaɗai, yanki ɗaya cikin 8 tunda ramukan noti 8 ne, da Frictionless Support a fuskokin da ka yanka. In wannan ya zauna sai ka ƙara noti da Bolt Pretension a matakin farko, zafi a mataki na biyu.